Zuwa Sakkwato Neman Man Labanda

Ƙarfe biyar da rabi na fita daga gida a Gwadabawa, bayan sallar asuba. Na bar Inna zaune bisa darduma. Wata biyu ke nan da rasuwar Baba, barci ya ƙaurace mata, ta rame.

Motar Sakkwato ta tashi shida da kwata, buhunan albasa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Sau biyu aka tsayar da mu a shinge. Bakwai da rabi muka sauka tasha, na sha kunu da ƙosai, na hau keke napep.

Tudun Wada

Taubashiyata Hajara tana da kemis a nan, ita ce ta ce in zo. Tana ganina ta ce har yanzu ban iya kafa hula ba. Da ta tambayi jikin Inna, sai wasan ya tsaya.

Ta ce ba ta son ba tsohuwa ƙwayar barci. Akwai man wani fure mai ruwan shuɗi-shuɗi, labanda, da ake tatsa da tururi. Sinadarai biyu ne suka fi yawa a cikinsa, linalul da linalil asitet, ƙamshinsu kan sassauta jiki ya rage fargaba.

"Ba a sha nai, Yaya. Ɗigo biyu bisa matashin kai. In shafawa za a yi, a haɗa da man zaitun."

Ta kuma sa na yi alkawarin kawo Inna asibiti ranar Litinin, don man taimako ne kawai.

Ƙofar Atiku

Goma da rabi muka isa shagon wani dattijo mai turare. Ya miƙo kwalbar man labanda, Hajara ta ɗiga a farar takarda, ta ce mu jira. Bayan ɗan lokaci maiƙo ya zauna daram. Ta ce an sirka shi, na asali tashi yake bai bar tabo ba. Dattijon ya yi murmushi, ya jawo wata 'yar kwalba daga akwati.

"Wanga na ajiye ma waɗanda sunka sani."

Gida

Bayan la'asar na iso. Inna ta shinshina man, ta ce ƙamshin mutanen birni ne, amma ta bari na ɗiga mata. Ina cikin ba ta labarin hanya, ban kai shinge na biyu ba, na ga carbi ya sulale daga hannunta.

Na ja ƙofa a hankali. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Hajara da alheri.