Glenys Harrop, Wadda Ta Ɗago Gidan Vernon Daga Ruwa

Kafin mu da muke kwana cikin jirage mu gama hamma, Glenys Harrop ta riga ta bi gefen ruwa a tsohuwar motarta ta ɗaukar kaya, injinan zuƙe ruwa suna ƙwaramniya a baya, tampol da katakai a ɗaure sama. Ba ta iya wucewa shiru ba. In ta ga igiyarka ta yi sako-sako sai ta tsaya ta ƙwanƙwasa taga, ta tambaye ka ko ka gaji da duniya ne da ka ɗaure jirgi haka. Daga nan ta sha shayinka, ta kushe shi, ta yi gaba. Haka muka san ta tun kanta bai yi furfura ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki domin gwiwoyinta sun ce ya isa, ni kuwa na ce ba za ta tafi ban faɗi nawa ba.

Aikinta ɗago jiragen da suka nitse. Jiragenmu sirara ne dogaye, kuma ga yawancinmu su ne gida, ba mu da ko ɗaki a tudu. Inda suka fi nitsewa shi ne lok, ramin nan mai ƙofa gaba da baya da ake cikawa jirgi ya hau, ko a zubar da ruwan ya sauka. A gindin ƙofar sama akwai dakalin dutse da ruwa ke ɓoyewa. In kana sauka ka bari jirgi ya ja baya har ƙarshensa ya hau dakalin, ruwa na raguwa hancinsa na yin ƙasa, kafin ka ankara ruwa ya cika ɗaki. Kowa ya san da dakalin nan, har farin fenti aka shafa a bango don a gane inda yake. Duk da haka babu bazarar da ba ya cin wani.

Bara Vernon Ackley dakalin ya ci, dattijon da ya fi mu duka daɗewa a kan ruwa. Tun ƙuruciya suka raba aiki da matarsa Doreen: ita ke sauka ta buɗe marfin ruwa da makullin ƙarfe, shi yana kan sandar tuƙi yana tsare jirgi nesa da dakali. Da ta rasu sai ya koma yin aikin mutum biyu. Ranar da abin ya faru, ya sauka ya buɗe marfin ruwan kamar yadda take yi, hannu ya ɗauki aikinta, nasa aikin kuma ya zauna babu mai yi. Da ya waiwayo hancin jirgin ya riga ya shige ruwa.

Ina bayansa a layi, don haka da idona na gani. Ya zauna a kan katakon ƙofa riƙe da makulli. Kafin rana ta yi tsaka 'yarsa Beverley ta iso daga birni a guje. Ta daɗe tana roƙonsa ya bar ruwa, har ɗaki ta gyara masa a gidanta. Ban ga laifinta ba, tsoro ne fal a idonta.

Ta ce, "Baba, da kana ciki fa? Ya isa haka. A kawo injin ɗaga kaya a fitar da shi, a sayar wa masu gwangwan, mu tafi gida."

Vernon da ke musu da kowa har a kan ko za a yi ruwa gobe, sai kawai ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi nitsewar jirgin tayar mini da hankali.

Glenys ta iso ba ta yi masa jaje ba. Ta tambaye shi tagogin da ya bari a buɗe da inda kafofin iska suke, ta sa ya nuna mata da hannunsa. Ma'aikatan ruwa suka zubar mata da lok ɗin, ta sa doguwar rigar roba ta gangara cikin laka har cinya. Ta bi kowace taga da kowace kafa ta toshe da katako da tampol, tana yi tana zagin wanda ya ƙera jirgin. Sannan ta tayar da injina, baƙin ruwa ya riƙa tsartuwa waje tare da cokula da safa.

Sai aka zo kan dokarta, wadda duk wanda ya taɓa aiki da ita ya sani. Ruwan da zai ɗago jirgi, mai jirgin ne ke buɗe shi. Beverley ta ce ai kowa na ganin hannun babanta rawa yake yi.

Glenys ta ce, "To ya yi rawar a kan makulli. Gidansa ne, ba nawa ba." Ta juya gare shi. "Tashi, dattijo. Kai ka saukar da shi, kai za ka ɗago shi. Murɗa kaɗan ka tsaya, sai na ɗaga maka hannu."

Ya tashi. Ya murɗa, ya tsaya, ya sake murɗawa, ita kuma tana ƙasa idonta a kan tampol. In ruwan ya shigo da sauri fiye da yadda injina ke fitarwa, an koma gidan jiya. Jirgin ya yi gurnani, ƙarshensa ya zame daga dakali, hancin ya fara tasowa yana zubar da laka. Mutanen da suka taru suka hau tafi, ta galla musu harara suka yi shiru.

Ni na ɗauka an gama. Ashe a wurinta rabi aka yi. Ta taɓa gaya mini cewa ɗago ƙarfe ba wani abu ba ne, ta ɗago jirage da yawa da masu su ba su sake taka su ba har suka ruɓe a ɗaure. Don haka a ranar, injin jirgi a mace, ɗaki yana warin kwata, ta sa muka ja shi da igiya zuwa lok na gaba. Ta tsayar da Vernon a kan jirgin da doguwar gora a hannu, ta miƙa wa Beverley makulli ta koya mata murɗawa.

Ruwa ya fara sauka, jirgin ya soma ja da baya. Na ga Glenys ta dunƙule hannu amma ta bar shi da aikinsa. Vernon ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya dafa gorar a ƙofa ya tura da duk ƙarfinsa, jirgi ya matsa gaba. Ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa.

"'Yar nan, a hankali mana. Ko so kike ki nitsar da ni sau biyu a yini ɗaya?"

Beverley ta yi dariya tana share hawaye da bayan hannu. A wurin suka yi sharaɗi: zai zauna a jirginsa, amma ba zai ƙara shiga lok shi kaɗai ba. Ranar hutu ita, sauran ranaku ɗayanmu.

Glenys, ke ce mai shiga laka don wani ya samu wurin kwana. Ke ce ba ki iya daɗin baki ba, amma ba ki taɓa barin mutum zaune a bakin ruwa da karyayyar zuciya ba. Na san in kin karanta wannan za ki ce na cika surutu, kuma ban damu ba. Mun gode, Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Mu da muka rage ba mu da injinanta, amma kowa na da makulli. In ka ga mutum ya doso lok shi kaɗai, sauka ka kama masa, kada ka jira ya roƙa, domin irinmu ba ma roƙo. Vernon a jirgina ya yi ta kwana yana minshari har nasa ya bushe. Ɗakin da aka gyara masa a birni yana nan tsaf, har yau bai kwana a ciki ba.