Allurar Asabar a Gidan Baraka

Duk wanda ya san Illela a shekarun nan ya san Magajiya Baraka, mai gidan mata na bayan tashar Ƙwanni. Mutuniyar Tozai ce. Aure biyu ta yi suka mutu, ta shigo gari da ƙullin kaya ɗaya, ta yi zaman kanta har furfura ta cim mata. Mata tara ne a hannunta, kuma ko kaza ba ta shiga gidan sai da saninta. Masifaffiya ce, wallahi, amma ba a taɓa jin 'yar gidanta ta kwana da yunwa ba.

Abin da ta fi taƙama da shi shi ne allurar Asabar, don ita ta ƙirƙiro ta. Kowane jajibirin kasuwar Lahadi, kafin direbobi da fataken shanu su cika gari, Dabo mai allura zai jingine kekensa a zaure, ya dafa allurarsa ɗaya tilo a gwangwanin madara, ya bi matan da fenisilin don rigakafin ciwon sanyi. Bisa girma ake layi. Magajiya ce a gaba, sai Kaltume, aminiyarta ta shekara goma sha biyar, har a kai kan Hindatu, sabuwar zuwa, autar gida.

A daminar 1988 aka tara magajiyoyin gari. Wata malamar jinya daga Sakkwato ta yi musu bayanin cutar da mutanen Ƙwanni, can tsallaken iyaka, ke kira sida. Ba ta da magani, fenisilin ba ya taɓa ta, tana bin kwanciya, tana bin jini, tana bin allura. Baraka ta dawo da kwalin kwaroron roba a hammata. Tun da Kaltume ta dawo daga Abijan take rama, ga tari, ga zawon da ya ƙi jin jiƙo. Kuma mata takwas ne a bayan Kaltume a layin allura.

Ta tara su ta faɗa musu. Suka yi dariya, wai ciwon Turawa ne. Robar kuwa, suka ce duk direban da aka miƙa wa sai ya saɓa riga ya shiga gidan gaba. Ta ce to a bar allura. Nan fa gida ya ɗauki hayaniya: ba ita ce ta shekara goma tana cewa wadda ta ƙi allura ta tattara kayanta ba? Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, da bakinta ake dukanta. Ta roƙi Dabo ya riƙa dafawa bayan kowace mace. Ya kumbura, ya ce gidaje biyar ke jiransa, kuma shekara ashirin ba wanda ya mutu a hannunsa. Sunan Kaltume kuwa bai ambatuwa. Baraka ba ta da tabbas cutar ce, kuma ta san tana furtawa za a watsa wa baiwar Allah kaya a titi.

Ta ja Hindatu ɗaki ta lallashe ta ta bar allurar. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce in an hana a nan, za ta bi Dabo gidan gaba. Can kuwa allurar ta riga ta ratsa jikin wasu. Baraka ta ji kamar ta gaura mata mari, ta haɗiye.

Ranar Asabar Dabo ya sauke gwangwani, mata suka jeru. Magajiya ta fito, ta kamo hannun Hindatu, ta kai ta gaba.

"Daga yau ƙarama ka farawa," in ji ta. "A juya layin."

Aka yi ta gunaguni, wai Magajiya ta zubar da girmanta. Amma aka juya. Takwas suka wuce ɗaya bayan ɗaya, sai Kaltume ta dafa bango aka yi mata. Dabo ya share allurar da auduga ya ɗago kai. Baraka ta yi niyyar cewa yau ba ta so, sai ta ga Kaltume ta tsaya, ba ta ko gyara zane ba, ta zuba mata manyan idanun nan da suka faɗa. Sauran ma duk ita suke kallo.

"Mi kike jira, Magajiya?" in ji Kaltume a hankali. "Ko baya gare ni ne ba ki so?"

Baraka ta yi tsaki, ta juya wa Dabo baya, ta sassauta zanenta.

"Yi maza, malam," ta ce. "Ina da tuwo a wuta."