Ranar da na kwashe kwalaye daga bakin bene

Cikin shekarun da na yi ina ɗaurin kaya a unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa, wata Talata ta 2013 ce ta ƙi fita raina. Ofishinmu yana hawa na huɗu, muna aika wa ɗalibai littattafai da jallabiyoyi zuwa Kano. Ofishin bai fi shago ba, saboda haka a filin bakin bene muke jibge kwalaye. In ba filin nan, ba sana'ar.

Maigidana Alhaji Sani ya tafi gida Kano, ya bar ni da makulli. Sai ga takarda daga lauyan mai gidan, da Turanci. Ni aji huɗu na tsaya. Na miƙa wa Malam Nura, ɗalibin shari'a da ya kawo kayansa.

Ya ce, "Cewa aka yi a kwashe kwalayen nan forthwith, ko a karɓe ofishin."

Na ce, "Mene ne shi kuma?"

"Nan take. Kalmar kotu ce, da ita alƙali ke cewa a saki mutum ko a tashi daga gida. Sai dai malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce kwana ɗaya, wasu sun ce gwargwadon hali..."

"Malam, yau ko gobe?"

"To, akwai maganganu uku."

Na bar shi da maganganunsa, na tuɓe riga. Lif ya mutu tun bara. Kwali arba'in na sauke a ka, yawanci tafsiri, na kai ɗakina. Bayana bai sake komawa daidai ba.

Amm Sayyid mai gadin gidan yana zaune yana kallona, sai da na gama ya ce, "Ma'alish ya Hajj, sannu, me ya faru?"

Na nuna masa takardar. Ya yi dariya har da tari. Ashe duk shekara lauyan yake aiko ta. Alhaji yakan ba lauyan shayi da kilishi, khalas, shi ke nan, a jefa ta a durowa.

Washegari na hau na tarar filin ya cika. Maƙwabciyarmu Umm Ahmad ta kafa kejin agwagi, na hawa na biyar ya ajiye mataccen firji. Ba su tashi ba har na bar aikin.

Da Alhaji ya dawo, ya dubi agwagin ya dube ni. Ya ce, "Ilu, shekara tara ina tsare filin nan. Wa ya aike ka bin doka?"

Ku yaran yanzu, in takarda ta zo da babbar kalma, ku nemi ma'anarta, ban hana ba. Amma kafin ku ɗaga ko kwali ɗaya, ku sauka ku gaida mai gadi.