Ban Haƙurin da Ya Cinye Mini Aiki

Har yau a unguwarmu ta Alsawra cewa ake yi bakina ne ya kore ni daga aikin gwamnati. Ƙarya ne. Ban haƙuri ne ya kore ni, kuma har in mutu ba zan manta ba.

Kafin yaƙi ne, ina buga takardu a wani ofishi a Khartum. Wata safiya aka nemi kwamfutar ɗakinmu aka rasa. Mu biyu ke da makulli, ni da mudir, shugaban ofishin. Shi ya kai ƙarata, shi kuma aka ɗora a kan kwamitin da zai bincike ni. Na ce ban yarda ba, mai ƙara ba ya zama alƙali.

Da Baba ya ji, hankalinsa ya tashi. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin wasu a yankin Jazira. A saninsa, in ka saɓa da babba, dattawa ake turawa.

"Baba, ban ɗauki komai ba. Haƙurin me za a ba shi?"

"Ke dai yi shiru, ya bitti, 'yata. Mu ba ma ja da manya."

Ranar Juma'a ya kwashi limaminmu da wasu dattawa, kowa cikin farar jallabiya, suka tafi gidan mudir ba da sanina ba. Aka sha shayi, aka yi ta ma'alesh, a yi haƙuri, yarinya ce, a yafe mata. Baba ya dawo yana murmushi, wai magana ta mutu.

Ranar zaman kwamiti, ban gama zama ba mudir ya dubi sauran ya ce, "Mahaifinta da limaminsu sun zo har gidana neman afuwa. Wa ke neman afuwa in bai yi laifi ba?"

Na miƙe na yi ta magana, ba wanda ya ɗaga alƙalami. Aka sallame ni, da tambarin ɓarauniya.

A gida na tarar da Baba a ƙofa yana jiran albishir. Na faɗa masa tas, ban rage ba. Ya lallaɓa ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya tuɓe rawaninsa ya riƙe.

"Ashe ni na yi miki wannan?"



Ranar na gane cewa abin da ke kashe rigimar maƙwabta, a ofis shaida yake zama a kanka. Na yanke shawarar ɗaukaka ƙara da ƙafata, a kafa kwamitin da babu mudir a ciki. Abu ɗaya na roƙi Baba: kada ya ƙara ba kowa haƙuri da sunana.