Tukwanen Baba a Gindin Madatsa

Ni mai bandar kifi ce a kasuwar Lafiya, kuma tarwaɗar da na fara sana'a da ita duk daga hannun Babana take fitowa. Garinmu na kan hanyar Agyaragu, a bayansa akwai wata tsohuwar madatsar ruwa, nan Baba ya ƙare ƙarfinsa yana su.

Masuntan wurin suna da dabararsu. Mutum ya sayi tukwanen ƙasa masu faɗin baki, ya ɗaure su da igiya, ya kwantar da su a gindin ruwa, ya lulluɓe da rassan itace. Tarwaɗa na son duhu, sai ta shiga ta zauna ta yi ƙwai. Idan rani ya yi, mai tukwane ya nutsa, ya toshe bakin tukunya da kwando, ya ɗebi manya ya bar ƙanana. Doka ɗaya ce a sana'ar: ba a faɗar inda tukwane suke. Mamata ta yi zaman aure da Baba har Allah ya karɓi ranta ba ta san wurin ba. Ni ma ban sani ba, iyakata ya kawo in banda. Wasu tukwanen ma kakana ne ya saka su.

Wata shekara ƙaramar hukuma ta zo da tifa ta zuba tsofaffin kwalbatoci da tayoyi a tsakiyar madatsar, wai gidan kifi ne. Mun sha dariya, muka ce ɗan kwangila ne ya rasa inda zai zubar da ragowar kayansa. Gaskiya kifi ya shiga, ba zan ci hakkinsu ba. Amma da aka jima sai yagaggun raga da leda suka naɗe wurin, kifi yana maƙalewa yana ruɓewa a ciki.

Shekarar da na koma unguwar Bukan Sidi a Lafiya da zama, kansilan garinmu ya kawo sanarwa cewa an haɗa hannu da sojojin ruwa, za su turo masu nutso su share gindin madatsa. Ina jin haka hankalina ya tashi. Mutanen da muka yi ta roƙo su gyara mana famfo guda ɗaya suka yi kunnen uwar shegu, yau su ne ke tausayin tarwaɗa? A kasuwa kowa da nasa labarin. Mai doya ta ce ma'adinai ake nema a ƙarƙashin ruwan, wai haka aka fara a garin mijinta, da awo da murmushi. Mai manja ya ce wani kamfani za a ba madatsar ya kewaye ta da waya. Ni kuwa na yarda da duka biyun, har na ƙara nawa.

Ranar da za su zo na rufe rumfa na hau mota tun da safe. Na tarar da Baba yana gyaran kwale-kwalensa. Ya ce min an ce duk mai wani abu a cikin ruwa ya nuna, za a sa masa alama a bar masa, sauran kuma shara ce za a kwashe.

"Ina ganin zan nuna musu," in ji shi. "Idanuna sun fara rauni, numfashina ma ba kamar da ba. In sun gyara wurin ai ni suka taimaka."

Na ce, "Baba, ka san halin mutanen nan. In ka nuna, za su rubuta. In suka rubuta, ya zama nasu. Gobe sai ka nemi takarda kafin ka taɓa tukunyar ubanka."

Ya dube ni. Ni ce na yi makaranta a gidan, ni ke zaune a birni, don haka maganata na da nauyi a wurinsa. Na san da haka, kuma na yi amfani da shi.

Sojojin suka iso da baƙaƙen kaya masu kama jiki da tulun iska a baya. Babbansu wani gajeren mutum ne mai fara'a, kuma fara'ar ce ta fi ba ni tsoro. Hausarsa irin ta bariki ce. Ya tsaya gaban masunta ya ce, "Baba, mu ba mu zo collect kifin kowa ba. Wanda yana da kaya a ruwa, ya nuna, mu sa alama. No wahala." Mutum biyu suka fito suna jin kunya suka nuna nasu, aka ɗaura jajayen jarkoki suna yawo a saman wurin. Da aka zo kan Baba ya ce ba shi da komai.

Kwana biyu suna fito da raga da leda da gwangwanaye. Ina zaune a bakin ruwa ina lura da hannuwansu, ko zan ga an ɓoye wani dutse mai ƙyalli a aljihu. Ban ga komai ba, sai na ce sun iya aikinsu ne. A rana ta uku suka nufi wata kusurwa ta gabas inda wata busasshiyar kanya ta faɗa ruwa. Na ga Baba ya miƙe tsaye. A lokacin na san wurin da aka ɓoye mana tun ina goye.

Suka fara jan rassan, sannan igiya ta biyo, tukwane na bin ta ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ƙasa ce da ta sha ruwa, ana ɗago ta sai ta fashe. Kafin babban nasu ya lura, an jibge fiye da rabi a kan gaɓa, ƙananan tarwaɗa na tsalle a cikin laka. Ya durƙusa ya duba, ya ɗaga hannu ya tsayar da yaransa.

"Wannan ba shara ba ne," ya ce. "Wani ya yi aiki a nan. Na waye?"

Masunta duk suna tsaye, kowa ya ga miƙewar Baba ya san amsa, babu wanda zai faɗa, don ba a tona wa mutum wurinsa. Baba ya juyo ya dube ni. Da na gyaɗa kai kawai da ya yi magana, da an maida sauran. Amma raina na nan kan bakansa, ina cewa wannan ma tarko ne, so suke su ji suna. Na sunkuyar da kai.

Baba ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Sojan ya jira kaɗan, ya sake tambaya, sannan ya ce a ci gaba. Suka kwashe komai suka loda a tifa.

Ba a sayar da madatsar ba, ba a haƙa komai ba. Jarkokin mutanen nan biyu suna nan har yau, suna kama kifinsu ba takarda. Har yanzu ban gama yarda da hukuma ba, kuma ba na jin zan yarda, amma abin da na yi na ci min rai. Baba bai sake saka tukunya a ruwa ba, ya ce ba shi da shekarun da zai jira kifi ya saba da sabuwa. Kafin damina ya sayar da kwale-kwalen.

Bai taɓa yi min faɗa a kan maganar ba. Sau ɗaya kawai ya taɓo ta, a hanyarmu ta komawa gida ranar, yana gaba ina bayansa. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Na ɗauka kin san wani abu da ban sani ba."