Wa Ya Kai wa Dije Labarin Gidana?

Da azumin bana shekara goma sha tara ke nan da aka kai ƙanwata Dije makwancinta a Kankara. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Har yau idan na je gidan biki sai in ji wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki Matar Akawu, ta ba mu dariya a zamaninta." Sai in ce amin, in ja bakina. Bana dai na ce bari in ɗauki biro da kaina in rubuto wa jarida, tunda wadda aka yi dariyar a kanta ni ce, kuma yanzu na iya rubutu.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a Ruwan Godiya aka haife mu. Ita kawunmu ya ɗauke ta riƙo zuwa Kankara ya sa ta boko, ni aka bar ni da turmi da taɓarya. Ta zama malamar makaranta a Kaduna, daga nan ta fara fitowa a wasan kwaikwayo na talabijin, abin da Baba bai taɓa yarda ya kalla ba har ya bar duniya. Ni kuwa na auri Malam, malamin gona. Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai aka ba mu gida a kwatas a Faskari.

Wanda bai yi zaman kwatas na wancan lokaci ba ba zai gane ba. A ƙauye uwa ita ce wadda ɗanta ya ƙoshi. A kwatas sai ɗanki ya sha madarar gwangwani a bulumboti, sai an shafe shi da hoda har wuya, sai kina da katin awo a jaka, sai fararen safarsa sun fi na ɗan maƙwabciya haske a kan igiyar shanya. Goyo ma idan kika yi da zane a gaban baƙi sai a kalli juna. Ni da 'ya'ya uku na shiga wannan hali, ban san ko bihim ba, kullum a tsorace nake kar in yi abin da za a ce matar malamin gona 'yar ƙauye ce.

Talabijin ɗaya ce a duk kwatas ɗin, a gidan Ladidi matar malamin asibiti. Da batirin mota take aiki, eriyarta a kan doguwar gora, idan iska ta kaɗa sai mutanen ciki su koma kamar an watsa masu gero. Duk Lahadi bayan la'asar mata da yara mu cika falonta don kallon wasan da Dije ke fitowa a matsayin Matar Akawu, wata baƙauyiya da aka kawo kwatas tana fama da renon zamani. Ta sa daddawa a firji, ruwan sha ya yi sati yana wari. Ta ɗaure wa ɗanta laya a ƙarƙashin rigar makaranta, ta yi ta rantsuwa ƙari ne ya fito masa. Muna dariya har da hawaye, ni har ina bugun ƙirji ina cewa ƙanwata ce.

Ranar da dariyata ta fara raguwa ita ce ranar da Matar Akawu ta dafa bulumboti a tukunyar miya har ya narke ya manne. Wannan ni na yi shi, kuma a gaban Dije, lokacin da ta zo mana hutu. Na ce a raina to, ta gani da idonta, ta ɗauka, ban ji daɗi ba amma ƙanwa ce. Daga ranar dai idan ta zo sai in riƙa lura da inda idonta ke sauka.

Sai shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Malam yana rangadi a Sabuwa, ruwa ya yanke hanya, don haka ni na kai ɗiyata ta fari a rubuta ta, Ladidi ta raka ni. Yarinya ta ɗora hannu bisa kai ta taɓa kunnenta, aka ce ta isa. Malamar da ke riƙe da rajista ta ɗago ta ce, "Sunanta?" Ladidi ta ce Ummi. Malama ta ce, "Sunan yanka nake so, ba na gida ba. Uwar yarinya, ke nake sauraro."

To, 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina gare ta. Kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Tun da na haife ta ko Ummin ban taɓa kira ba, "ke" nake ce mata. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka tata uwar ta yi. Na ce, "Ku tambaye ta mana, ai tana da baki." Yarinya kuwa Ummi kaɗai ta sani, ta fashe da kuka. Malama ta turo mani takarda da biro ta ce, "In ba ki iya faɗa, rubuta." Na kalli biron nan kamar an miƙo mani maciji. Ta rufe rajista ta ce mu dawo da uban. Kafin Malam ya dawo aji ya cika, ɗiyata ta rasa shekara guda cur.

Ba a yi wata biyu ba, muna zaune a falon Ladidi, sai ga Matar Akawu a gaban teburin rajista. Har yadda nake murza bakin mayafi idan na rikice ta yi. Ta nuna yarinyar da haɓa ta ce, "Ku tambaye ta mana, ai tana da baki." Kalma ɗaya ba ta canza ba. Falo ya ɗauki shewa, wata har tana faɗuwa daga kan kujera. Ɗiyata tana zaune a gabana, ita ba ta yi dariya ba. Muna hanyar gida ta ja zanena ta ce, "Inna, ke dai kin san sunana ko?" Ban amsa mata ba, domin amsar ma kunya ce.

Dije ba ta wurin ranar rajista. To wa ya kai mata? Ladidi na fara kamawa. Ta rantse, ta ce, "Haba Innar Ummi, ni da ko adireshinta ban sani ba?" Ban yarda ba. Na daina shiga gidanta, na hana yarana, har aka yi masu canjin wurin aiki zuwa Mairuwa ba mu sake gaisawa ta kirki ba. Da Dije ta zo da Sallah na tare ta a madafi, na ce, "Ke, asirin gidana ne abincinki?" Ta kwashe da dariyar nan tata ta ce, "Yaya, mi kike ɗaukar kanki? Wasiƙu nawa muka samu daga Sheme da Kankara, kowace mace tana cewa da ita muke. Ba ke kaɗai ke da ɗan fari ba a ƙasar Katsina." Na ce, "Har da murza mayafin?" Ta ce, "Miyarki na ƙonewa."

Haushin nan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ba son ilimi ba, kada in yi ƙarya. Ina da ciki na huɗu na zauna a kan tabarma da allo da alli, ina jin matan kwatas na cewa yanzu kuma mi za ta zama. Ba don in zama komai na je ba. Na je ne don kada a sake turo mani biro in tsaya ina zare ido. Ranar da na iya haɗa baƙaƙe, abin da na fara rubutawa sunan yarinyar nan ne. Na yago takardar na sa a ambulan, ban ƙara ko gaisuwa ba, na aika wa Dije Kaduna. Ba ta taɓa ce mani ta samu ba, ni ma ban tambaya ba. Muka ci gaba da zumunci, suna da biki da jinya, amma idan tana ɗaki ina auna maganata.

Yanzu idan na ga jikokina mata riƙe da waya, suna ɗaukar 'ya'yansu na fari suna kiran sunansu da ƙarfi, suna sumbatarsu duniya na kallo, sai in ce ina ma Dije na nan. Ban sani ba ko za ta ce an ci gaba, ko kuwa za ta ce an kashe mata sana'a, tunda yau kowace uwa da hannunta take kai asirin gidanta kasuwa, ba sai wata ƙanwa ta sato ba. Abin da na tabbata shi ne wahalar ba ta ragu ba. Igiyar shanyar ce ta koma cikin waya, har yanzu ana leƙen farar safar ɗan maƙwabciya. Da Dije na nan da ta sami abin ba'a, kuma da na sake zarginta.

Bayan rasuwarta ni aka ba akwatin takardunta, tunda Allah bai ba ta haihuwa ba. A can ƙasa na tarar da takardata mai suna ɗaya, an maƙale ta da allura a jikin wata wasiƙa. Na san hannun tun kafin in karanta. Malam ne. Ya rubuta mata duk abin da ya faru ranar rajista, yadda na ba shi labari da bakina, ya roƙe ta ta lallashe ni a asirce in shiga aji, don shi ya yi ya gaji. Na same shi a zaure na ce, "Malam, wannan hannun wa ne?" Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da ba ki iya karatu ba da na ce na liman ne." Ya ce shi lallashi ya ce a yi, bai ce a kai talabijin ba. Washegari na shiga mota zuwa Mairuwa neman gafarar Ladidi, aka ce ta shekara uku da rasuwa. Wannan nauyin nawa ne, ba na Dije ba.

Na Dije kuwa har yau ban gama auna shi ba. Wata rana in ce ta san ni sarai, ta san lallashi ba ya motsa ni sai haushi, shi ya sa ta yi. Wata rana in ce ƙarya ne, labari mai daɗi ta samu ta kasa haƙuri, kamar yadda duk masu wannan sana'a suke, amfanin da ya biyo baya kuwa sa'a ce. Ta kalli idona a madafi ta musa, wannan ba zan goge shi ba. Amma ta ajiye 'yar takardar nan shekara da shekaru, a ƙarƙashin takardun shaidarta na makaranta, wannan ma ba zan goge shi ba. Na yafe mata, Allah ya yafe mana baki ɗaya, sai dai yafiya daban, yarda daban.

Wasan nata babu wanda ya adana shi, masu tuna shi ma suna ƙarewa. Abin da ya rage shi ne wannan hannun da ke rubutu. Ɗiyata yanzu kaka ce, kuma har gobe "ke" nake ce mata. Tambayar da ta yi mani a hanyar gida ban taɓa amsa ta ba, to ga amsa, tunda na san za a kai mata jaridar nan. Na sani. Saudatu. Biro ne ya faɗa, bakina yana nan a rufe.