Kirsimetin da Wanzami Ya Cire Mini Beli

A shekarar da aka samu 'yancin kai ina malamin dabbobi a Shagari, ina bin rugage da allura. Mu Kiristocin yankin kuwa, in an tara mu kaf, tabarma biyu ta ishe mu har da wurin ajiye takalma. Ran Lahadi mukan haɗu a zauren wani kafinta a Bodinga, ni da matata a kan keke ɗaya. Ni ke ɗaga waƙa. Murya gare ni a lokacin, wadda in na sake ta a Bodinga sai shanun Shagari sun ɗaga kai.

Da aka shiga makonnin jiran Kirsimeti sai tari ya kama ni. Maƙwabcina tela, mutumin kirki, ya ja ni wurin wanzaminsu. Wanzamin ya danne mini harshe da ɗan itace ya leƙa.

"Subhanallahi! Malam, wanga beli naka ai ya kai wutsiyar ɓera. Shi ka sa ka tari."

Na wangame baki in tambaya ko akwai maganin sha. Ashe wangamewar yake jira. Ƙyat! Kafin in ƙifta ido ga ɗan naman maƙogwarona a tafin hannunsa, yana nuna wa tela kamar ya kamo kifi. Na ɗaga murya zan yi ihu, iska kawai ta fito.

Maƙogwaro ya kumbura, kunu ma sai da dabara. Ni da aka shirya zan ja waƙoƙin Kirsimeti, ga ni ina kiran matata da tafi.

Lahadin nan kafinta ya buɗe Littafi Mai Tsarki, karatun kuma ya faɗo kan Zakariya, firist ɗin da ya yi shakkar albishir aka mai da shi bebe har matarsa ta haihu. Kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Wani tsohon leburan hanya ya kasa daurewa.

"Shi dai mala'ika ne ya rufe masa baki. Kai fa, malamin dabbobi?"

Ina da amsa goma, babu ƙofar fitar ko ɗaya.

Da can jiran zuwan Almasihu a wurina gwajin waƙa ne da neman ɗinkin sabuwar riga. Wannan karon na san jira. Kullum da safe in zagaya bayan gida in gwada maƙogwaro, in ji shiru, in dawo. Tsoro ya shige ni sosai, don ban san wane ne ni ba in babu murya. Addu'a ma a zuci nake yi, ina mamakin wai ana ji.

Ran Kirsimeti zaure ya cika. Kafinta ya dube ni, na miƙe, na cika ƙirji. Abin da ya fito, ƙofar langa-langa ta fi shi daɗi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da kekena.

Sai wata murya ta taso daga tabarmar mata, siririya, a natse. Na waiga. Matata! Matar da ban taɓa jin ta rera ko waƙar daka ba. Ta ɗauki waƙar a hankali, can ƙasa da inda nake ɗaukarta, jama'a suka bi ta ba mai shaƙewa, ba mai tari. Tsohon leburan nan har da hawaye. Ni kuwa baki sake nake jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, jariri kwance a komin dabbobi, uwarsa ba ta da wurin sauka. Shekara da shekaru ina rera su, ran nan na fara jin abin da suke cewa.

A hanyar komawa Shagari na tattara ɗan raɗan da ya rage mini. "Tun yaushe?"

"Tun da ka aure ni nake yi a bayanka, Malam," in ji ta daga kan kariyar keke. "Yau ne dai aka samu wuri."

Muryata ta dawo bayan sabuwar shekara, garau, har ta fi da. Ran Lahadi na gyara zama na yi gyaran murya mai ƙarfi don kowa ya shaida. Kafinta ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara sauƙi." Sannan ya juya wajen tabarmar mata ya ce a ɗaga mana waƙa.